Layin da Mu'azu Ya Sa wa Suna Kabari

Shekara goma sha ɗaya Mu'azu ya yi a sitidiyon Mijinyawa da ke unguwar Koira Kano a Yamai, ɗakin da ba taga, bango duk soso, kilim, na'urar sanyaya ɗaki, na hura masa sanyi har cikin ƙashi. Shi ke haɗa sauti. Kuma wallahi ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya cirewa. Da wani gidan radiyo a Dogon Dutsi, garinsu, ya ba shi aiki, har ƙwalla ya yi. Ranar Litinin ake jiran sa.

Mijinyawa bai hana shi ba, sai dai ya gindaya sharaɗi. Ya ce ba inda za shi sai ya rubuta yadda sauti ke bi cikin konsol, wato teburin haɗa sautin, waƙa bayan waƙa: wane mikiro, wato makirufo, ya shiga wane layi, layin ya zuba ina. Wanda zai gaje shi ba boka ba ne da zai san abin da ke cikin kansa. Waƙa ɗari biyu da ɗoriya, da hannu? Haba! Mu'azu dai ba kasala gare shi wajen dabara ba. Ya zauna ya rubuta wa ordinatar, wato kwamfuta, ɗan jerin umarni, sikirif inji 'yan sana'a, wanda zai buɗe kowace waƙa, ya bi kowane layi, ya fitar da hanyarsa a takarda. Kafin la'asar ɗin Juma'a takardu sun taru tsibi guda.

Yana dubawa yana murmushi. Shi fa ba ya sa wa layi lamba, suna yake raɗa masa. Layin amsa-kuwwa Rijiya ne, kalangu da ganguna su haɗu a Wadata, sunan tashar mota, saboda hayaniya. Sai ya iso waƙoƙin Hajiya Delu, murmushin ya ɗauke.

Delu, babbar mawaƙiyar gidan, shekara uku ke nan muryarta na tsagewa in ta hau sama. Ba wanda ya iya gaya mata. Sai Mu'azu ya riƙa kiran Hadiyya, ɗiyar ƙanwarta mai yi mata amshi, wadda muryarsu ɗaya sak, ta rera wuraren a ɓoye. Muryar Delu kuwa, da an zo wurin, ya karkatar da ita zuwa wani layi da ba ya fita ko'ina. Don rashin kunya irin tasa, Kabari ya sa wa layin. Sikirif kuma ba ya da kara. Ga shi nan baƙi a kan fari, shafi bayan shafi: Delu zuwa Kabari.

Ya ce bari ya sauya sunan. To, ya sauya ɗin, layin zai fara fita ne? Sabon mutum na buɗe waƙa ɗaya ya gano, kuma kafin sati zance ya gama Yamai. Tsoro ya kama shi, da kunya, da tausayin matar da ke kiran sa ɗana tana kawo masa fura da hannunta.

Da Mijinyawa ya leƙo ya tambaya ko an gama, Mu'azu ya tura takardun ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya ce sikirif ɗin ya ƙi aiki. Sai yaushe? Ya ce bai sani ba.

Litinin da hantsi, lokacin da ya kamata a ce motarsa ta wuce Doso kan hanyar Dogon Dutsi, Delu ta shigo, ta tsaya gaban mikiro tana gyara lulluɓi, fuskarta cike da murna.

"Ɗana, ashe ba ka tafi ba? Alhamdu lillahi. Ai na gaya wa Mijinyawa, duk garin nan kai kaɗai ka san muryata."

"Haka ne, Hajiya," in ji Mu'azu.

Ya jawo ƙofar mai nauyi ya rufe, ya zauna, ya ce mata su ɗauko daga baiti na biyu.