Akwati Mai Raga

Duk wanda ya girma a Zango ya san Mainasara Mai Kaset. Shagonsa na bakin kasuwa, kusa da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, kuma a zamanin da kaset ke tashe, ranar kasuwa sai mutum ya yi turereniya kafin ya kai bakin kanta. Daga garin Babban Mutum ake zuwa, daga ƙauyukan kan iyaka, har daga Nijar. Wani wa'azi yake so, wani kiɗan noma, wani kuwa kaset marar komai zai saya, ya zauna a lungun shagon ya yi wa ɗansa da ke ci-rani a Kudu magana, a ba direba ya kai. Da wayar hannu ta zo sai ta share wannan duka. Kantocin suka koma ɗaukar caja da batir, mai shagon ya koma kallon titi, sunan ne kawai ya ƙi barinsa.

Ɗansa Harisu, da ke aiki a Kaduna, shi ya lura zaman ya fara cin uban. Ya haɗo masa kwamfuta ta kan tebur daga tsofaffin kaya, ya jona ta da tsohuwar rediyon shagon, ya koya masa yadda ake juye murya daga kaset zuwa memori. Mainasara ya koya da ƙyar, yana yi yana mita. Amma da ya iya, sai ga kasuwa ta sake buɗewa ta wata ƙofa. Ashe mutane ba su zubar da kaset ɗinsu ba. Suna nan cikin adaka da ƙarƙashin gado, a naɗe da tsumma, ɗauke da muryoyin iyaye da kakannin da ƙasa ta daɗe da rufewa.

Aiki na tafiya lafiya har bazara ta kama. Rufin shagon kwano ne, da hantsi ya ɗaga sai ɗakin ya koma kamar tanderu. Kwamfutar ta fara ƙara kamar injin markaɗe, ta yi ta yi, sai kuma ɗif, ta mutu. Ya cire murfin gefenta, ya kunna mata fankar tebur, har jiƙaƙƙen buhu ya shimfiɗa a kan rufi, duk a banza. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ranar da Hajiya Siddiƙa, wata dattijuwa ta unguwarsu, ta kawo kaset ɗin da mahaifiyarta ta taɓa aiko musu daga Makka. Tsohuwar na cikin gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kafin ta iso kan sunan Siddiƙa sai na'urar ta ɗauke. Aka jira ta huce, aka sake, ta sake ɗaukewa.

Hajiya ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, bar shi kawai sai an yi ruwa. Na jira shekaru, ba zan kasa jiran damina ba."

Da la'asar Mainasara ya kira Harisu.

"Baba, matsalar daga akwatin kwamfutar take," in ji Harisu. "Na ofis ne, an yi shi don ɗaki mai sanyi. Kayan cikin lafiyarsu lau, iska ce ba sa samu. Ka kai ta Daura a sauya mata akwati mai shan iska. Ka san 'yar Hyginus ce ke sayar da kayan kwamfuta yanzu a shagon ubanta."

Mainasara ya maimaita sunan a ransa. Rabonsa da Hyginus har ya manta.

Washegari ya naɗe kwamfutar da bargo, ya shiga motar Daura, ya ɗora ta a cinya. Gonaki sun yi fari fat, an sassabe ana jiran ruwa. Wannan hanyar a da ba ya mako bai bi ta ba. A wajen Hyginus yake sarin kaset, katan-katan, waɗanda ake kawowa daga Onicha. Ya tuna matarsa Ego, doguwa mai fara'a, da goyo a bayanta, tana ɗaure kaya tana waƙa da yarensu. Ba ta taɓa bari ya tafi bai sha ruwa ba. Ita ta fara kiransa Mai Kaset, tun kafin mutanen Zango su ɗauka.

Shagon na inda yake, sai dai da ƙyar ya gane shi. An sa ƙofar gilashi, ciki cike da kwalaye da wayoyi. Wata matashiya ta taso ta karɓi kayan hannunsa, ta rusuna ta gaishe shi da Hausar da ba ta da maraba da ta 'ya'yansa.

"Ke ce Chidimma? Ke da na bari a goye?"

Kafin ta amsa, wata murya ta fito daga can ciki. "Wa nake ji kamar Mai Kaset?"

Hyginus na zaune kan kujerar roba, kai ya yi fari, ga sanda jingine a gefensa. Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Aka tambayi gida, aka tambayi yara, aka yi ƙorafin gwiwa da ido. Can Mainasara ya waiga ya ce, "Ina Madam? Yau ba ta fito ba?"

Hyginus ya sunkuyar da kai. Chidimma ce ta amsa. "Mama ta rasu bara waccan, Baba. Mun kai ta gida."

Kunya ta rufe Mainasara. Zango da Daura ba wata tafiya ba ce, amma ga shi bai ji ba, bai zo ba. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri, Oga. Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba," in ji Hyginus. "Kaset ne ya haɗa mu, da ya mutu sai kowa ya kama gabansa. Zauna mana."

Chidimma ta kwance tsohon akwatin a kan tebur. Ƙura ta yi dam a ciki kamar auduga, ga 'yar fanka guda a baya, gaban kuwa a toshe, ba ko kafar allura. Ta sauko da sababbin akwatunan da take da su. Idon Mainasara ya tsallake wani mai gilashi da fitilu kala-kala, wanda ta ce samari ke rububinsa alhali shi ma gabansa a rufe yake, ya sauka kan wani baƙi mai kaurin ƙarfe. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa.

"Wannan shi ne kaya."

"Gaskiyarka," in ji Hyginus daga kujerarsa. "Irin kayan zamaninmu ke nan. Sai ka bar wa jikoki."

Chidimma ta yi dariya. "Ku dai in abu ya yi nauyi shi ke nan ya yi kyau. Baba, wannan ai ƙanen wanda ka kawo ne. Zafin da ya kashe wancan shi zai kashe wannan."

Ta jawo wani mai faɗi, wanda gabansa duk raga ce tun daga sama har ƙasa, ana hango manyan fankoki ta ciki. Mainasara ya yatsina fuska, don a idonsa ya fi kama da kejin kaji. Ta jona masa wuta, ta yagi 'yar takarda ta kai gaban ragar, takardar ta manne. Ta kai ta baya, iska ta hure ta.

"Ka gani? Ta gaba yake shaƙa, iskar ta bi ta kan kayan, ta fita ta baya da sama da zafin. Cikinsa kuma da fili, wayoyi ba sa tare mata hanya."

"To ƙura fa? Shagona bakin kasuwa yake. Inda iska ta shiga ai ƙura ma ta shiga."

Ta sa hannu ta zaro wata siririyar raga daga bayan ta gaban, kamar mai jawo aljihun tebur. Ta ce ita ke tare ƙurar, ya riƙa cirewa yana kakkaɓewa duk mako, kuma kada ya manna akwatin da bango ko ya ajiye shi a ƙasa. Har yanzu dai bai gamsu ba, hannunsa na kan baƙin nan. Sai ya lura da wani abu. Fankokin na juyawa, amma ba ya jin komai. Ya kai kunnensa kusa.

"A kunne yake?"

"A kunne yake. Babbar fanka ba ta buƙatar gudu, a hankali take tura iska mai yawa. Ƙanana su ke ihu."

Nan ya sauko. Shi da aikinsa sauraro ne, muryoyin da wasunsu sun dishe kamar daga rijiya, ya gaji da kasa kunne cikin ƙarar inji. Ya ce a sa masa mai ragar.

Tana aikin mayar da kayan ciki, dattijan suka koma hira. Suka tuna lokacin da ake kwana uku ana jiran motar Onicha, da yadda ake juya kaset da biro in rediyo ta tauna shi. Hyginus ya tambaye shi me tsoho kamarsa ke yi da kwamfuta. Mainasara ya ba shi labarin sabuwar sana'ar, har da na Hajiya Siddiƙa. Hyginus ya saurara har ƙarshe. Can ya dogara sandarsa ya shiga ciki, ya daɗe, ya fito da kaset guda a hannu.

"A da, in sababbin rediyo sun iso, sai mun gwada ko suna ɗaukar murya kafin mu sayar. Ego ce ke yin waƙa, ni in danna. Wannan ne ya rage. Ban da abin sa shi yanzu, kuma ina tsoron in ba wanda bai san kaset ba."

Mainasara ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun ƙirji.

Da ya koma Zango ya ɗora akwatin a tebur, nesa da bango. Ya fara da na Hajiya Siddiƙa, tunda ita ta riga zuwa. Da tsakar rana ya kunna, lokacin da kwanon ke ƙuna. Tsohuwar ta gaida kowa, ta kira Siddiƙa ta yi mata faɗan ta riƙa cin abinci, har kaset ya ƙare na'urar ba ta ko yi tari ba. Ya kai hannu bayanta ya ji ɗumi na fita a hankali.

Na Ego ya ba shi wuya. Zaren ya manne, wani wuri ya tsinke. Ya buɗe shi, ya warware da biro sannu-sannu, ya yanke inda ya lalace ya liƙa sauran. Farkon waƙar ya tafi, ba yadda za a yi. Abin da ya rage ya juye.

Ya yi niyyar kai musu, amma Hyginus ya ce shi zai zo. Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci, Chidimma ta kawo shi. Mainasara ya shimfiɗa tabarma, ya kunna. Muryar Ego ta cika shagon, siririya, ta ƙuruciya, ana jin hon ɗin motoci a bayanta. Mainasara ba ya jin ko kalma ɗaya ta yaren, amma ya san waƙar, ya sha jin ta yana jiran a ɗaure masa kaya. Ana cikin haka jaririya ta tsala kuka, Ego ta katse waƙar tana dariya tana rarrashi. Chidimma ta sa hannu ta rufe bakinta. Hyginus ya kafa wa bango ido, leɓensa na motsi, yana ci gaba da waƙar daga inda ta katse. Da ta ƙare ya ce a sake, aka sake.

Aka kawo fura daga gida, suka sha. Hyginus ya dubi kantocin, ya nuna wadda ya ce shi ya ba Mainasara katakonta, suka yi gardama a kan haka har la'asar, ba wanda ya yarda.

Ƙarshen shekarar Hyginus ya koma garinsu, ya ce yana son zama kusa da inda matarsa take. Chidimma ta zauna da shago, ta ce ita Daura ta sani. Dattijan kan yi waya jefi-jefi, su biyun kunne ya yi nauyi, kowa na ɗaga murya, 'yan acaɓan bakin shagon na jin rabin hirar suna murmushi.