Jema a Gonar Aro

A shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Ikko ta dawo Abuja, ƙasa ta yi daraja har a ƙauyukan Gwagwalada. Kowa ya sa wa iyakar gonarsa ido.

Yamusa ba shi da iyakar da zai tsare. Gonar da yake nomawa, a gangaren da ke saman dam ɗin wani ƙauye kusa da Paikon Kore, ta aro ce. Baba Nathan, dattijon Gbagyi, shi ya ba shi ita tun yana baƙo, bisa sharaɗi ɗaya: ya shuka abin da zai girbe a shekara. Itace da duk abin da ke daɗewa, mai ƙasa kaɗai ke dasawa, don wanda ya dasa wata rana zai ce ƙasar tasa ce.

Gonar kuwa tafiya take yi. Duk ruwan da aka yi sai ya yanki wani abu. Zaizaya ta buɗe baki a tsakiyar doya, jar ƙasa na gangarawa dam, har dam ɗin ya cika da laka. A garinsu Yamusa da jema ake tare gangare, a dasa ta layi-layi. Sai dai jema ciyawa ce mai daɗewa.

Ya sami dattijon a ƙofar gida, ya durƙusa.

"Baba, jema nake so in dasa."

"A ina?"

"A gonarka."

"Gara da ka ce gonata. A'a. Yau ciyawa, gobe mangwaro, jibi ɗanka ya zo da masu awon fili ya ce aikin babansa ne."

"Baba, in aka ƙara damina biyu, babu gonar da za a yi rigima a kai."

Clara, matar dattijon, ta dawo daga ɗiban ruwa ke nan, tulu a kafaɗa, taɓo har gwiwa.

"Tsoho, kana nan kana gadin ƙasa, ni kullum a dam nake taka ta. Ga gonarka a ƙafata, zo ka kankare abinka."

Baba Nathan bai yi dariya ba. "Ranar da ka dasa, ranar ka bar gonar," ya ce wa Yamusa.

Yamusa ya riga ya tono jemar daga fadama. Ya ɗaure ta dami, ya jingine a inuwa a bakin gona, yana yayyafa masa ruwa, bai dasa ko ɗaya ba.

Ran Asabar yana cikin noma sai ga dattijon yana hawowa da sanda, mai unguwa a bayansa, Clara a bayan mai unguwa.

"Haƙa," in ji Baba Nathan.

Yamusa ya haƙa. Dattijon ya sunkuya da ƙyar, ya zari jema daga damin, ya sa a ramin, ya danne da tafinsa.

"Mai unguwa, hannun wa ka gani?"

"Naka."

"Riƙe a kanka."

Haka suka bi gangaren, ɗaya na haƙa, ɗaya na dasawa yana nishi. Clara ta ce in da wannan saurin ne, sai jikoki sun ƙarasa. Mai unguwa ya yanke cewa hannun matar gida ma na gida ne. Ta ɗaure zani ta karɓi damin.

Ruwan da ya biyo baya ya zo da ƙarfi. Ya tsinka layin jemar da ke can ƙasa. Na sama suka riƙe, ƙasa ta taru a bayansu kamar kaurin hannu. Da safe Yamusa ya tattara jemar da ruwa ya tumɓuke, ya haƙa sababbin ramuka, ya gangara kiran masu gona.