Mai Toshe Layi

Duk cikin ƙungiyar 'yan oba-oba, masu hira ta rediyon hannu, babu wanda ya kai Mai Walda zafi a kan maganar. Kullum da la'asar sukan haɗu a layin oba-oba su yi hira, na kusa da na nesa, ta ƙananan akwatunan da ke haɗa rediyo da intanet. Kwanan nan kuwa da an fara sai wata ƙara ta taso, ƙurrr, ta danne kowa. Akwatin wani ne ke buɗewa da kansa yana zuba wa jama'a shara.

Abin ya ci wa Mai Walda rai ne saboda wansa, Yaya. Tun da idon Yaya ya tafi, hirar nan ce kaɗai fitarsa. Don shi Mai Walda ya sayi akwati, ya ɗora a kan kanta a bayan shago kusa da gwangwanayen fenti, ya jona shi soket ɗaya da injin walda. Oba-obar Yaya ba ta kai ko'ina sai akwatin nan.

Shi bai taɓa jin ƙarar da kunnensa ba, aiki yake. Sai ya ɗaga gilashin walda ya tarar ana ƙorafi. Rannan ya yar da ƙarfe ya fizgo oba-oba daga ƙusa.

"Ciyaman, wai wane sakarai ne wannan? Mutum bai iya abu ba, ya bar wa masu iyawa mana! A gano shi a yanke shi daga layi wata guda, ko ɗan gidan uban waye!"

"A dai yi haƙuri," in ji Ciyaman.

"Babu haƙuri! Makaho na zaune yana jiran hira, wani jaki ya hana shi."

Jama'a suka goyi bayansa, aka tsayar da hukunci. Ya koma kan ƙofar da yake haɗawa yana huci. Bai jima ba, da ya ɗan tsagaita, ya ji muryar Yaya ta oba-oba.

"Ƙanena, me kake yi yanzun nan?"

"Walda mana, rawa zan yi?"

"Na lura da ka ɗauki magana ƙarar take ɗaukewa. Koma ka ɗana wuta kaɗan, ka tsaya, ka sake."

Ya ɗana, ya tsaya, ya sake. Ƙarar ta taso a layi, ta ɗauke, ta sake tasowa, sannan wani daga nesa ya fashe da dariya.

"Mai Walda," in ji Ciyaman, "ka sa makullin nan da ke hana akwati buɗewa sai ya ji oba-obar ɗan ƙungiya?"

"Na ga ɓata lokaci ne."

"Agogon da ke katse shi in ya zarce fa?"

Mai Walda ya sosa ƙeya.

"To ka ji. Saboda Yaya, ina ganin a sassauta..."

"Kar a sassauta min komai! Ni na faɗa."

Ya shiga bayan shago ya fizge wayar akwatin har da murfin soket, gwangwanin fenti ya kife a takalminsa. Ya tsaya yana zagin akwati, yana zagin injin, ya rasa na ukun da zai zaga.

Washegari da la'asar ya rufe shago, mai ƙofa na ta kiransa a waya, ya tafi ya zauna a kan benci kusa da Yaya. Oba-oba na cinyar Yaya, ko tari ba ta yi.

"To ga ni. Yi hirar da ni."

Yaya ya juyo da fuska wajen muryar.

"Wata guda, ni da kai? Wallahi gara ƙarar."