Hoton da Fien Ta Rufe da Kaki

Shekara goma sha tara ina koyar da zane da kakin zuma a wani ɗaki saman shagon kekuna a birnin Ghent, ban taɓa samun ɗaliba mai rawar jiki kamar Fien ba. Aikin nan kuwa ba ya son gaggawa. Za ka narka kaki da ƙaro, ka zuba launi, ka shafa a katako, sannan ka bi shi da injin hura zafi don sabon shafe ya kama na ƙasa. In ganye ko ƙyalle ko takarda za ka binne a ciki, haka za ka bi hawa-hawa. Ita kuwa kaki bai gama narkewa ba ta riga ta tsoma buroshi.

Mako uku tana damuna da tambaya ɗaya. "Malama Godelieve, yaushe za mu kai ga takarda?"

"Ranar da kika daina ƙona mini buroshi."

Staf, tsohon ma'aikacin gidan waya da ke zama kusa da ita, ya ce, "Ƙyale ta, Malama, da alama tukunya ta baro a kan wuta."

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo ta taɓa jakarta. Gaskiya haushi take ba ni.

Asabar ta huɗu, saboda nacinta, na ce kowa ya fito da takardarsa. Staf ya zazzage tsofaffin kan sarki kusan ɗari, wai duk sai sun shiga katako ɗaya. Ina can ina musu da shi na ji injin yana gurnani a bayana, sai kuma ya yi tsit. Da na juya, Fien na tsaye riƙe da shi, idonta a kan katakonta. A tsakiyarsa akwai 'yar takarda, ta yi baƙi ƙirin, kaki na ƙyalli a kanta.

"Me kika sa a nan, 'yar nan?"

"Hoton cikina ne, na asibiti," ta ce. "Wata biyar yake a lokacin. Jaririn bai zo da rai ba. Hoton ya fara koɗewa a durowa, ke kuma kin ce abin da kaki ya rufe yana yin shekara dubu biyu."

Na faɗa kuwa, ranar farko, ina cika baki da zanen mutanen Masar na zamanin da. Abin da ban faɗa ba shi ne irin wannan takarda, kamar rasit ɗin kanti, da zafi ake buga ta, ba da tawada ba. Zafi na taɓa ta sai ta yi baƙi gaba ɗaya. A mako na biyar na saba fara aikin takarda, a nan kuma nake yin wannan gargaɗin. Kunya ta kama ni, na ji na tsani bakina.

Staf ya ce a hankali, "Kin dai ɗauke shi a waya ko?"

Ta girgiza kai. "Mijina ya so. Na ce ba zai zauna cikin hotunan abinci ba."

Ta ɗauki reza daga tebur. "Malama, in na kankare kakin, zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, 'yata."

Ta ajiye rezar, ta ɗora tafin hannunta a kan baƙar takardar.

"Da sauran ɗuminsa," ta ce.