Wayar da Ta Kashe San Mati

Mari na uku ne ya kai Shitu ƙasa. Risikat na leƙe daga ƙofar shagonta, hannunta duk ƙarnin kifi, ta ga ma'aikacin wutar ya kife cikin taɓo, hular kwanonsa ta gangara kwata.

Gefe guda ga san huɗar Mati kwance, ƙafafu a sandare, harshe a waje. Iskar jiya da la'asar ce ta tsinko wayar wuta ta yar a tsakiyar layi. Yau da hantsi Mati ya koro shanunsa biyu za shi gona, jan san ya taka ruwan da wayar ke ciki, ko kuka bai ƙarasa ba. Ba a samu sa masa wuƙa ba, ya tafi a mushe. Ga damina ta kankama, kuma sa ɗaya ba ya jan garma.

"Wallahi babu wuta a layin nan!" in ji Shitu, yana kare kansa da hannu. "Tun jiya muka kashe, Malumfashi kaf babu wuta!"

"To aljani ne ya kashe mini sa?" Mati ya zuba masa sandar kora a gadon baya.

Jama'ar layin kuwa abin nema ya samu. Wanda rabonsa da wuta sati biyu, da wanda talabijin ɗinsa ta ƙone tun bara, kowa ya kawo nasa haushin ya sauke a haƙarƙarin Shitu. Har da masu wucewa da ba su san me aka yi ba.

"Inji ne!" Shitu ya faɗa, jini na bin haɓarsa. "Wani ya jona janareta a soket, wuta ta koma waya!"

Ihu ya haɗiye maganar. Risikat kaɗai ce ta ji.

Janaretanta na can bayan shago yana ta ruri tun safe, ƙarar da kunnen kowa ya saba da ita har ba a jin ta. Mijinta Abdulwaheed ne ya haɗa mata waya mai kai biyu, ɗaya a inji, ɗaya a soket ɗin bango, don firiza da fanka su tashi tare. Kafin ya tafi Funtua sai da ya nanata: "Ki fara cire fiyus ɗin mita, Maman Barakat, kada ki manta." Yau ta buɗe firiza ta ga kifi ya fara saki, ta ja igiyar inji a guje. Fiyus na nan daram a mazauninsa.

"Tunda babu wuta, kama wayar mu gani!" in ji Mati.

Maza biyu suka cafki ƙafafun Shitu suka ja shi cikin taɓon, wani ya tokare hannunsa da gora yana tura shi wajen wayar. Shitu na kiran sunan Allah, yana kiran sunan 'yarsa.

Risikat ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. A layin nan aka yanke mata cibiya, amma ta san a rana irin ta yau ba a daɗewa ake tuna cewa ita Bayarabiya ce. Idan injin ya yi shiru, ya tona ta. Idan bai yi ba, saura taku biyu hannun Shitu ya taɓa wayar.

Ta kwasa a guje, ta yi tuntuɓe da bokiti, ta faɗa kan injin ta danne makunnin. Bututun hayaƙinsa ya ƙone mata damtse, ba ta ko ji ba.

Layin ya yi tsit.

Hannun Shitu ya sauka a kan wayar. Ya runtse ido, ya jira. Babu abin da ya faru. Sai kawunan mutane suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya, suna neman inda ƙarar ta ɗauke.

Risikat ta fito da wayar nan mai kai biyu a hannu.

"Malam Mati, ku ƙyale shi. Injina ne. Ni na manta."

Mati ya dube ta, ya dubi sansa, ya nufo ta da sanda a sama, jama'a na biye da shi.

Shitu ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Ya tofar da jini, ya ɗingisa har ƙofar shagon, ya tsaya tsakaninta da sandar.