Kaka Ya Cinye Firit

A ɗakin ɗaukar murya kowa Aradu yake ce masa, kuma ba a yi masa sharri ba. Mutum ne da in ya ce maka ina kwana sai ka fara tunanin laifin da ka yi. Shekara da shekaru shi ke yin muryar Ɓauna, wani ƙaton bakanike a katun ɗin da ake nunawa a talabijin, yana kuma ji da aikinsa.

Kwatsam masu shirin suka ce yara sun daina kallo. Darakta, wani yaro da ko gemun kirki bai ajiye ba, ya zo da magani. Wai za a ƙara ɗan tsako mai suna Firit, ido dara-dara, hula ta fi kai girma, ya riƙa bin Ɓauna yana ɓarar da baƙin mai yana cewa, "Ba ni ba ne!"

"Wannan abin me ya sani a gyaran mota?" in ji Aradu.

"Baba, ba gyara zai yi ba. Burge yara zai yi."

Aka gwada 'yan mata, aka gwada samari, muryar tsako ta ƙi samuwa. Haushi ya ishi Aradu, ya toshe hanci, ya matse maƙogwaro, ya kwaikwayi tsakon don kowa ya ji irin shirmen da ake shirin yi. Ashe mai haɗa sauti bai kashe na'ura ba. Darakta ya miƙe tsaye yana tafi. To, ka ji yadda bawan Allah ya ja wa kansa, aka ɗora masa muryar Firit. Sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a kuskura a rubuta sunansa. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Ana nan sai 'yarsa ta zo hutu da jikarsa, 'yar shekara uku, wadda rabonsa da ita tun tana zanen goyo. Ya buɗe hannu ya ce, "Ina mutuniyar?" Yarinya ta kwasa a guje ta shige bayan firiji. Ya sayo alawa, sai ta hannun kakarta mace take karɓa. Ya gwada yin raɗa, abin ya ƙara lalacewa, don raɗarsa kamar an tada janareta ce. Yana dariya a gaban mutane, amma wallahi abin yana cin ransa. Jikar kowa tana jan gemun kakanta, tasa ko inuwarsa ba ta son gani.

Abin takaicin kuma, Firit take so. In ya fito a talabijin har gilashin take sumbata. In ta fasa kofi sai ta ce, "Ba ni ba ne!" Aradu na zaune a kujerarsa yana kishi da ɗan tsako, tsakon da ke fitowa daga hancinsa.

Ana gobe za su tafi, da la'asar, mata suna kicin, yarinyar tana kan kafet can nesa da shi tana wasa da murfin kwalba. Ya ga jakunkuna an jera a bakin ƙofa. In ta tafi a haka, sai kuma wata shekara. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ɗaga jarida ya rufe fuska, ya toshe hanci.

"Ba ni ba ne!"

Yarinya ta zabura. Ta leƙa bayan talabijin, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Aradu ya ji daɗi ya kama shi, ya sauke jarida, ya washe baki, ya sake yi a gabanta ƙiri-ƙiri.

Ta tsaya tana kallon bakinsa. Ta sauke ido kan tumbinsa. Sai ta ƙwala ihu.

"Mama! Kaka ya cinye Firit!"

Kafin matan su fito ta riga ta afka masa, tana dukan gwiwarsa da hannu bibbiyu. "Tofar da shi! Tofar da shi!" Matarsa ta iso da ludayi a hannu tana salati. Da ta gane abin da ya faru sai ta zame ta zauna a ƙasa, dariya har da hawaye.

"Malam, kai ne? Da wannan gemun? Ni da nake cewa wata 'yar makaranta ce!"

'Yarsa ta durƙusa za ta yi wa yarinyar bayani, ya ɗaga mata hannu. Ina! Yau ce ranar farko da jikarsa ta taɓa shi, ko da duka ne, ba zai bari a ɓata masa ba.

Yarinyar ta hau cinyarsa tana shessheƙa, ta manna kunne a cikinsa. "Firit, kana ciki?"

Ya rufe baki, ya turo muryar ta hanci. "Ina nan."

"Da duhu?"

"Kaɗan."

"Ka ci abinci?"

Bai san me ya kai shi cewa a'a ba. Ta sauka ta kwaso biskit ɗinta gaba ɗaya, ta riƙa tura masa ɗaya bayan ɗaya tana harararsa. "Kar ka tauna. Ba naka ba ne." Haka dattijo ya yi ta haɗiyar busasshen biskit ido na ruwa, matarsa na riƙe da ciki tana roƙon a taimaka masa da shayi.

Da safe direban tasi ya gaji da hon. Yarinyar ta rungume tumbin kakanta, ta yi wa Firit sallama doguwa, ta yi masa alkawarin dawowa. Sannan ta ɗaga kai, ta dubi Aradu ido cikin ido, ba ko ɗar.

"Kai kuma, Kaka, ka riƙa tafiya a hankali. Kar ka jijjiga shi."

"To, ranki ya daɗe," in ji shi.

Ran nan Aradu ya makara a wurin aiki. Darakta ya hango shi ta taga yana hawa bene taki ɗaya-ɗaya, dafe da ciki, ya fito da gudu yana tambaya ko a kira likita.