Gonar da Magagi Ya Fara da Ita

Ƙaramar taraktar nan sojoji ne suka kawo ta Filinge, lokacin da suka matsa wa kowa da noman rani. Da mulki ya koma hannun farar hula aka yar da ita bayan wani ofis, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har Magagi mai walda ya saye ta. Injin lafiya lau. Abin da babu shi ne hannuwan nan biyu na baya, masu ɗaga garma su sauke ta. Tuni wani ya kwance su ya yi gaba.

Magagi kuwa bai yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba. Ya samo lam ɗin tsohuwar mota, wato falankin ƙarfen da ke ɗaukar nauyinta, ya yanka biyu, ya gasa, ya lanƙwasa, ya liƙa zobe a kowane kai. Akwai kuma na uku, na sama, shi ma ya ɓata, sai ya yi shi da bututun famfo. Saura ramukan ƙusa, waɗanda ke hana garma nutsewa fiye da kima. Ba shi da na asali da zai duba, sai ya huda da ka.

Ya san da ka ya huda. Ya kuma san ƙasarsu ta Kurfai: baƙin da ke sama bai wuce tafin hannu ba, ƙarƙashinsa farin rairayi ne da ko ƙarangiya ba ta so. Shi ya sa kakanni suke shafarta da hauya kawai. Dole a gwada a wata gona kafin a shiga tasa.

Gonar da ta faɗo masa a rai ita ce ta yayarsa Dija, can hanyar Damana. Mijinta ya rasu, ita ke noma da 'ya'yanta mata biyu. Shekara da shekaru tana ba Manu makiyayi hatsi, yana kwana da shanunsa a gonar da rani, har ƙasar ta yi baƙi, ta zama abin kwatance.

"Yaya, bana ki aje hauyarki," in ji Magagi. "Da inji zan yi miki, ke ta hwarko duk Kurhwai."

Dija ta yi ta sa masa albarka. Ya amsa da amin ba ko ƙifta ido, don mutum in ya so, yakan gaskata ƙaryar kansa.

Da ruwan shuka ya sauka ya shiga gonar, ƙauye duk ya fito kallo. Ya sauke hannuwan, garma ta nutse. A ƙarshen layin farko ya waiwaya, ya ga fari fat a bayansa. Nan ya kamata ya kashe inji. Amma maza na jinjina masa, mata na guɗa, kuma wa zai ce aikin hannunsa ya kuskure a gaban jama'a? Ya juya kan tarakta, ya bi gonar duka har iyaka. Da ya koma gida ya sake sababbin ramuka, ya huɗe tasa sama-sama.

Hatsinsa ya wuce tsayin mutum. Na Dija ya fito ɗorawa-ɗorawa, iska ta binne rabi. Manu ya zo ya tona da sanda, sai da hannu ya shiga har gwiwa kafin ya iske takin shanunsa.

"An kai shi inda saiwa ba ta kai," ya ce. "Sai mu sake daga hwari."

Duk wanda ya tambayi Dija, sai ta ce irinta ne ya tsufa. Don haka sunan inji bai ɓaci ba, masu gona suka yi ta layi a ƙofar Magagi. Shi kuwa kunya ta ci shi, ya daina bin hanyar Damana, in ya hango mutumin ƙauyen su Dija a kasuwa sai ya duƙa kan walda. Ya ji haushin kansa, ya ji har da haushin Dija da ta rufa masa asiri.

Bayan girbi ya lafta wa amalanke dammunan hatsi ya nufi gidanta. Ya iske ta bakin rumbu tana sussukar ɗan abin da ta samu.

"Yaya," ya ce, "ba iri ba ne."

"Na sani." Ba ta aje taɓarya ba. "Tun layin hwarko na gani. Da na ga taka ta yi kyau kuma, na gane mi ya sa anka hwara da tawa."

Ya rasa inda zai sa idonsa.

"Gidanka ya hi nawa yawan bakunan ci, ban ce ka yi wauta ba," ta ce. "Amma da ka tambaye ni, da na ba ka rabi ka gwada. Rabi, Magagi."

Ta kira 'ya'yanta su sauke kayan. Shi ya tsaya riƙe da igiyar jaki, ba wanda ya ce masa ya zauna.